Shimfiɗar Magana a Bakin Kwara: Madugu, Maigida da Tafinta a Tarihin Malanville

Malanville gari ne a ƙarshen arewacin Jamhuriyar Benin, cikin jihar Alibori, a bakin kogin Kwara wanda mutanen Nijar ke kira Isa. Tsakaninsa da Kwatano akwai tafiyar kilomita fiye da 700. Da an haye gada an shiga ƙasar Nijar, garin Gaya na nan kusa, daga Gaya kuma Kamba ta jihar Kebbi ba nisa. Ƙidayar 2013 ta nuna ƙaramar hukumar na da mutum sama da 168,000, kasuwarta kuwa ita ake lissafawa ta biyu a ƙasar bayan Dantokpa ta Kwatano. A rumfunanta ana jin Dendanci da Zabarmanci da Hausa da Fulatanci da Barganci, ga Yarbanci da harshen Fon da na Ibo, ga kuma Faransancin ma'aikata.

Inda harsuna suka taru haka, kuɗi iri biyu na yawo, ma'auni kuma kowa da nasa, jin kalma kaɗai ba ya wadatarwa. Mutum zai faɗi farashi, a ji shi sarai, amma a kasa sanin abin da yake nufi, domin ba a san ko wane ne shi ba, daga ina ya taso, da wane kuɗi yake lissafi, kuma wa ya tsaya masa. Shi ya sa tun kafin a kafa garin fataucin wannan yanki ya tanadi mutanen da sana'arsu ke nan, wato yi wa magana shimfiɗa kafin ta kai kunnen mai ji. Madugu na cikinsu, da maigida mai saukar baƙi, da dillali, daga baya kuma tafinta.

Ƙasar da garin ke cikinta Dendi ce, wadda a da ita ce ƙarshen kudu na daular Songhai. Bayan da rundunar Maroko ta karya Askiya Ishaq na Biyu a Tondibi a 1591, ragowar gidan sarautar suka gangaro nan, suka zauna tare da Kyangawa da sauran waɗanda suka tarar. Dendanci ɗan'uwan Zabarmanci ne na kusa, masu su na fahimtar juna. Abin lura shi ne yadda harshen ya bar bakin kogi ya bi sawun fatake zuwa kudu, har ya zama harshen unguwannin 'yan kasuwa Musulmi a Kandi da Paraku da Jugu, a tsakiyar mutanen da ke da nasu harsunan. Ciniki ne ya kai shi can. Baƙin da suka taru daga wurare daban-daban na bukatar harshe guda da za su yi lissafi da shi, su ba da amana da shi, su yi shari'a da shi idan amanar ta lalace.

Babbar hanyar wancan zamani ita ce ta Gwanja. A ƙarni na 18 da na 19 ayarin fatake kan tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato da Jega zuwa Salaga, a arewacin Gana ta yau, don sayo goro. Suna tafe da kanwa da baƙin tufafin rinin Kano da jemammun fatu da gabu da dabbobi, har da bayi, domin cinikin mutane na cikin fataucin lokacin. Gishirin kwarin Foga, arewa da Gaya, shi ma yana bin wannan hanya. Ana haye Kwara a mashigai irin su Yawuri da Busa da Illo da Gaya, a ratsa ƙasar Bargu, a bi ta Jugu da Sansanin Mango da Yandi. Zuwa da dawowa kan ci watanni masu yawa, wani lokaci shekara guda. Baturen Birtaniya Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kayama a 1826, ayarin na dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa sun kai dubu. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya yi littafi guda a 1980 a kan wannan fatauci da zuri'o'in da suka riƙe shi, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari.

Taron mutum dubu da jakuna da masu bindiga da kwari da baka, idan ya tunkaro gari ba sanarwa, mai tsaron ƙofa ba shi da hanyar bambance shi da runduna. Ƙasar Bargu kuma ta yi suna wajen tare ayari. Don haka jagaba kan yi gaba, a aika wa sarkin gari bayani tun ayarin bai iso ba: na madugu wane ne, daga ina ya fito, ina ya dosa, kwana nawa zai yi a zango. Sai an kai gaisuwa an karɓa, sannan a zauna maganar garama, idan kuwa bakin ruwa ne, maganar fito. Waɗannan kuɗaɗe ba ƙayyadaddu ba ne, daidaitawa ake yi, kuma abin da za a yanka ya danganta da yadda aka gabatar da ayarin da tsohuwar hulɗar da ke tsakani. Jarin madugu na gaskiya ba a bayan jaki yake ba. Sanin mutane ne: wane sarki ya rasu, wa ya gaje shi, waɗanne garuruwa ne ba sa ga-maciji da juna bana, sunan wa za a ambata a nan ƙofa ta buɗe, sunan wa kuma ambatonsa zai jawo fitina. Madugun da ya iso da labarin bara a wurin da al'amura suka sauya, shi da mutanensa ne za su biya kuɗin jahilcinsa.

Idan ayari ya sauka, aikin ya koma hannun maigida, wanda a wasu wurare ake kira fatoma. Shi mazaunin gari ne, galibi asalinsa baƙo ne da ya daɗe har ya zama ɗan gida. Yana ba falke masauki da abinci, ya adana masa kaya, ya riƙe masa kuɗi, ya haɗa shi da masu saye ta hannun dillalansa. Abin da ya fi duk waɗannan nauyi shi ne lamuni. Falke bai san wanda ke biyan bashi da wanda ke cinyewa ba, mai saye kuma bai san ko kayan baƙon nan na halal ba ne. Maigida ya san su duka biyun, kuma idan ya ce a ba wane kaya bashi, wane ya gudu, shi zai biya. Da ɗan gari akan ci gari, in ji Hausawa. Masu bincike sun tarar da wannan tsari a raye a wurare masu nisa da juna: Polly Hill ta bayyana shi a Kumasi a 1966, Abner Cohen kuma a unguwar Sabo ta Ibadan a 1969, a cinikin shanu da na goro.

Malaman zango su ma suna da hannu a ciki. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaure, irin su Risala, sun wajabta wa mai sayarwa bayyana aibin kayansa, sun kuma hana tare fatake a hanya a saye musu kaya kafin su shiga kasuwa su san farashi. Hukunce-hukuncen biyu abu guda suke karewa, wato kada a ƙulla ciniki alhali ɗaya daga cikin masu shi yana cikin duhu. Samuwar hukuncin kanta shaida ce cewa ana yin abin. Wanda ya riƙe bayanin ɓangare biyu yana da ikon rage shi, kuma dillalin da ke hana mai kaya da mai saye haɗuwa ido da ido, ya faɗi wani farashi nan wani can, tsohon sananne ne a kowace kasuwa. Abin da ke taka masa burki shi ne baƙon zai dawo baɗi, kuma labarin gidan da ake cin amana kan riga mai gidan isa zango na gaba.

Turawa sun shigo yankin da takarda, suna ganin ta fi bakin mutum tabbas. A 1894 Ingila da Faransa suka yi tseren isa Nikki, babban birnin Bargu ta yamma. Kyaftin Lugard, wanda kamfanin Royal Niger ya aika, shi ya riga isa a watan Nuwamba, ya samo yarjejeniya. Sai dai bai ga sarkin da idonsa ba, ta hannun wakilai aka yi komai. Da Bafaranshe Decoeur ya iso bayan 'yan kwanaki ya ƙulla tasa, sai Faransa ta ce ta Lugard ba da mai ƙasa aka yi ta ba. Takarda ta samu, sa hannu ya samu, amma babu abin da ke nuna wa ya yi magana da yawun wa, wanda shi ne abu na farko da kowane ɗan aike a ƙasar ke fara faɗa. Gardamar ba ta mutu ba sai da yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898 ta raba Bargu biyu, Nikki ga Faransa, Busa da Illo ga Ingila. Tsohuwar hanyar Gwanja kuma ta riga ta fara mutuwa: Salaga ta rushe a yaƙin basasa na 1892, goro ya koma bin teku zuwa Ikko, daga nan jirgin ƙasa ya kai shi Kano bayan layin dogo ya isa can a 1911.

A wannan zamani ne aka kafa garin Malanville. Wurin a da ƙaramin mazaunin masunta ne a kan rairayin bakin kogi, ana kiransa Tassi, daga baya aka sa masa sunan Henri Malan, wanda ya yi gwamnan Dahome, wato Benin ta yau, a wajajen 1910. Tsofaffin garuruwan yankin, irin su Karimama da Gene da ita kanta Gaya, duk sun girme shi nesa ba kusa ba.

Mulkin Faransa ya kawo sabon mai tsayawa tsakani, wato tafinta. Kwamandojin Faransa kan yi 'yan shekaru a canza su, kaɗan ne ke jin harshen mutanen da suke mulka, don haka ƙara da haraji da naɗin sarauta duk ta bakin tafinta suke bi. Aikinsa ya wuce juya kalmomi. Shi ke gaya wa Bature cewa wannan mai ƙara ɗan gidan sarauta ne, wancan kuma tsohuwar gaba ce ta kawo shi, shi ke gaya wa talaka cewa yau ran kwamandan a ɓace yake, ya dawo gobe. Littafin Amadu Hampate Ba na 1973 a kan tafinta Wangrin ya nuna irin ƙarfi da dukiyar da wannan matsayi ke iya tarawa. Da yawa daga cikin akawuna da malaman makaranta da ma'aikatan ofis a Nijar 'yan kudancin Dahome ne, saboda sun riga kowa shiga makarantun mishan, kuma ta wannan mashiga ta Malanville da Gaya suke haurawa arewa.

Misali mafi girma na abin da rashin shimfiɗa ke haifarwa a wannan bakin kogi ya fito ne daga ofisoshin Turawan kansu. Dahome da Nijar duk na Faransa ne, don haka ba a damu da tsaga iyakarsu a cikin ruwa dalla-dalla ba. Amma kogin na da tsibirai, babbansu Lete, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 40, inda Fulani ke kiwo, manoman gaɓar dama kuma ke da'awar gonaki. A ranar 3 ga Yuli 1914 jami'in da ke riƙe da Gaya, mai suna Sadoux, ya rubuta wa takwaransa na ɓangaren Dahome wasiƙa, ya jera tsibiran, ya raba su bisa ga inda babbar hanyar jirgi ta bi a cikin kogin. Ya kuma faɗi dalilinsa: don a san wanda zai ba makiyaya takardar izinin kiwo, da kotun da za ta saurari ƙarar mutanen kowane tsibiri. A wannan rabo Lete ta faɗa ɓangaren Gaya, kuma haka aka ci gaba da aiki shekara da shekaru.

Bayan shekara arba'in, a ranar 27 ga Agusta 1954, muƙaddashin gwamnan Nijar, Raynier, ya amsa wata tambaya da ta taso daga Gaya da gajeriyar wasiƙa. Ya ce iyaka ita ce inda ruwa ke kaiwa lokacin cikowa a gaɓar hagu, tun daga ƙauyen Bandofay har iyakar Najeriya, saboda haka tsibiran da ke wannan tsakani na Dahome ne. Bai kawo dokar da ya dogara da ita ba, bai ambaci tsarin 1914 ba, bai ce ya soke shi ba. Gwamnan Dahome da kansa, wanda wasiƙar ta yi wa daɗi, sai da ya rubuta yana neman a nuna masa madogararta. A ƙasa kuwa jami'an Gaya suka ci gaba da karɓar harajin Lete.

Da aka samu 'yancin kai a 1960, kowace ƙasa ta rungumi wasiƙar da ta yi mata. An zub da jini a tsibirin a wannan shekarar. A ƙarshen 1963, bayan faɗuwar Shugaba Hubert Maga a Dahome, dangantaka ta lalace, gwamnatin Diori Hamani ta kori ma'aikata 'yan Dahome daga Nijar, aka rufe iyaka, aka girke sojoji. An lallaɓa rikicin a 1965 ba tare da an warware shi ba. Sai a 2001 ƙasashen biyu suka yarda su kai maganar Kotun Duniya da ke Hague a ƙasar Holan, hukunci ya fito ranar 12 ga Yuli 2005. Abin da alƙalan suka yi shi ne aikin da kowane dattijon kasuwa ke yi idan an kawo masa maganar da aka tsinto daga tsakiya. Suka tambayi wa ya rubuta, wa ya rubuta wa, a kan wace tambaya, yana da ikon yanke iyaka shi kaɗai ko ba shi da shi, me aka aikata bayan wasiƙar. Suka ga ta 1954 ba ta da ƙarfin da Benin ke ba ta, suka tsayar da iyaka a kan babbar hanyar jirgi kamar yadda take lokacin 'yancin kai. Cikin tsibirai 25, Nijar ta samu 16 har da Lete, Benin ta samu 9. A kan gadojin da ke tsakanin Gaya da Malanville ma, kotun ta ce iyaka na bin layin da ke cikin ruwan da ke ƙarƙashinsu. 'Yan layukan da wani jami'i ya rubuta ba tare da ya faɗi dalilinsa ba sun ci shekara 51 kafin a gama da su.

Kasuwar kanta hanyar mota ce ta raya ta. Layin dogo daga Kwatano ya tsaya a Paraku a 1936, kilomita 438 daga teku, bai ƙara gaba ba. Daga nan sai manyan motoci. A shekarun 1950 Faransa ta shirya jigilar da aka sa wa suna Hirondelle don gyaɗar Nijar, har da ta ƙasar Maraɗi, ta riƙa fita ta Kwatano maimakon ta Kano da Ikko. Aka gina gada a 1958, aka kafa hukumar sufuri ta haɗin gwiwar Dahome da Nijar a 1959, aka ƙara gada ta biyu a ƙarshen shekarun 1980. Garin da ke bakin gadar ya zama wurin sauke kaya da sake lodi. Masara da garin rogo da doya da manja na haurawa arewa, musamman a shekarun fari irin su 1973 da 1984, albasa da wake da dabbobi na gangarowa kudu, ga shinkafar da ake nomawa a fadamun garin. Gwanjo da atamfa da sauran kayan da Najeriya ta hana ko ta tsawwala wa haraji kan sauka a Kwatano, su bi ta nan zuwa rumbunan Gaya, daga can su sulale Najeriya. Masanin labarin ƙasa Olivier Walther, wanda ya yi nazarin Gaya da Malanville da Kamba ya fitar da littafi a 2008, ya nuna cewa manyan 'yan kasuwar yankin galibi ba 'yan asalin Dendi ba ne, zuwa suka yi saboda iyaka. Ke nan kasuwa ce ta baƙi da baƙi, inda tsohon aikin maigida da dillali ya sami sabon fili.

Ga yadda abin kan kasance. Mai albasa ya iso daga Galmi ta jihar Tawa da mota cike, ya sauka a wurin maigidansa. Wata 'yar kasuwa ta zo daga Kwatano neman kaya. Ba su da harshe guda, ko suna da shi ma ba za su fara da farashi ba. Dillali zai je wurinta ya ce: "Kayan baƙon Alhaji ne, shekara da shekaru nan yake sauka. Ta bana ce, ta sha iska, ruwa bai taɓa ta ba. Kuɗi hannu yake so, gobe zai juya." Ya dawo wurin mai kaya ya ce: "Malam, matar nan mota guda take cikawa, ba ta taɓa cin kuɗin kowa a kasuwar nan ba. In ta ce rabi yau rabi mako mai zuwa, maigida ya tsaya mata." Sannan a kwance bakin buhu biyu ko uku, ba na sama kaɗai ba, ta tura hannu har ƙasa ta zaro, ta matsa wuyan albasar ta ji ko ya bushe. Duk wannan ba a ambaci ko sisi ba, amma rabin cinikin ya riga ya ƙare, domin kowa ya san abin da zai iya nema da abin da ba zai samu ba. Bayan haka ne za ta taya, a ce albarka, ta ƙara, har mai kaya ya sallama, dillali ya karɓi la'adarsa.

A wajen lissafi ne aka fi ganin amfanin wannan shimfiɗa. Bahaushen Nijar da Bazabarme da mutumin Dendi ba sa ƙirga sefa ɗaya-ɗaya, da dala suke ƙirga, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Idan mutumin Galmi ya ce ashirin, sefa 100 yake nufi. Ɗari a bakinsa sefa 500 ce, sefa 1,000 kuma jika. Ma'aikacin kwastan mai lissafi da Faransanci idan ya ce ɗari, ɗarin ce cif. Mutumin Kamba ko Birnin Kebbi idan ya ce ɗari, naira ce a ransa, ita kuma darajarta a kan sefa na iya motsawa tsakanin hantsi da la'asar. A Najeriya ma tsofaffi na ce wa naira 200 jaka, gadon zamanin da fam 100 ke cika jaka guda. Mutum uku za su iya faɗin lamba ɗaya da Hausa ɗaya, kowa da kuɗin da ke zuciyarsa. Buhu ma haka: na albasa daban, na masara daban, akwai mai hula da aka ɗinka wa ƙari a baki, akwai wanda aka ɗaure daidai, tiya da mudu kuma girmansu na bin garinsu. Dillalin kirki ba ya barin a tafa hannu sai ya maimaita cinikin a gaban shaidu da cikakken bayani: buhu kaza, irin kaza, a kan sefa kaza, wa zai biya 'yan dako, wa zai biya lodi, yaushe za a cika kuɗi. Ranar 12 ga Janairu 1994, da aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100 a dare guda, duk bashin da ke tsakanin masu sefa da masu naira wanda ba a fayyace da wane kuɗi za a biya shi ba ya zama abin jayayya.

Gaisuwa ma na cikin wannan tsari, ko da yake baƙon da bai saba ba yakan ɗauke ta ɓata lokaci. Wanda ya iso daga tafiya ana fara ba shi ruwa. Sannan a bi da sannu da zuwa, ko fofo a bakin Zabarmawa da mutanen Dendi, ya hanya, ya aka baro mutanen gida, ya ruwa a wajenku, ina labari. Amsar farko kullum alheri ce, ko da mutuwa aka zo faɗa, amma mai sauraro na tsintar abin da yake bukata daga amsoshin da ke biyo baya: hanya ta yi kyau ko ta lalace, damina ta yi ko ba ta yi ba, mutumin nan a matse yake ko a sake. Baƙo ba ya kawo abin da ke tafe da shi sai mai masauki ya buɗe masa ƙofa da "To, lafiya dai?" Ɗan aike kuma yana da jerinsa da ba ya tsallakewa: wanda ya aiko shi, gaisuwar mai aiken, abin da ya faru har aka yi aiken, sannan saƙon. Yaron da ya faɗo da saƙo tun daga ƙarshe, "an ce ka ba da buhu goma", za a mayar da shi baya da tambaya, in ji wa, na wane ciniki, kafin a motsa ko buhu ɗaya. Gaskiya ne wani lokaci gaisuwar kan yi tsawo har ta gundura, kuma akwai mai fakewa da ita don kauce wa maganar bashi. Duk da haka asarar da take karewa ta fi lokacin da take ci.

Wayar salula ta rage wa dillali wani ɓangare na ikonsa, domin yanzu manomi a Galmi na iya jin farashin Malanville kafin ya yi lodi. Ba ta kawar da bukatar mai tsayawa ba, domin waya na kawo farashi amma ba ta lamunce wa kowa bashi. 'Yan kasuwa da yawa sun fi aiki da saƙon murya na WhatsApp, kuma saƙon kan bi tsohon jerin ɗan aike: ni ne wane, yaron Alhaji wane, daga tasha kaza nake magana, yau rana kaza. Dalilin a fili yake. Saƙon murya ana tura shi daga waya zuwa waya, ya isa ga wanda bai san mai maganar ba, wataƙila bayan kwana uku, lokacin da farashin da ke cikinsa ya riga ya tsufa. Hoton buhuna ma ba ya faɗin ranar da aka ɗauke shi.

Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai ya sake gwada tsarin. ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe gadar, ɗaruruwan manyan motoci suka yi cirko-cirko a hanyar Malanville, kayan da ke lalacewa suka lalace. Bayan an ɗage takunkumin a Fabrairun 2024 Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a toshe. Mutane da kaya suka koma fito da kwalekwale kamar zamanin madugai. A irin wannan hali buhun da a da mota ɗaya ke haurar da shi da takarda ɗaya sai ya bi ta hannun ɗan dako da mai jirgi da wani ɗan dakon a ɗaya gaɓar da mai babur ko a-kori-kura, mai kayan kuma ba ya tare da shi. Kowane hannu sai an gaya masa kayan wane ne, wa zai karɓa, nawa aka biya, nawa ya rage, kuma kowane hannu da ladansa, wanda a ƙarshe mai saye a Gaya da Doso da Yamai ne ke biya.